Ranar Da Na Ƙi Zama Mijin-Ta-Ce

Ni haifaffen Yakasai ne. Na daɗe ina riƙe da alli kafin na bar koyarwa na shiga wani kamfanin rarraba kayan masarufi, inda aka ba ni kujera mai juyawa da sunan manaja. A lokacin ina yi wa kaina kallon wayayye. Da kaina nake kai matata awon ciki, in zauna a benci a tsakiyar mata, ko a jikina.

Ogan namu kuwa darasi ɗaya ya iya, kuma kullum shi yake biya mana: namiji ba ya tashi daga aiki saboda mace. A taron Litinin akwai kwando a gabansa da kowa ke jefa wayarsa a ciki. In ta yi ƙara, shi zai ɗaga ya karanta sunan da ƙarfi, in na iyali ne ya tambayi mai ita ko Hajiya ta yarda ya ci gaba da zama. Da ya ji awo ne ke sa ni makara, sai ya raɗa mini Mijin-ta-ce, ya ce a tambaye ni ko ni ma an auna ni, kuma wata nawa ne nawa cikin. Masu digiri bibbiyu suka dinga dukan tebur don dariya. Ni ma na yi, don a wurin nan wanda bai yi dariya ba shi ne abincin gobe.

Wata Litinin, cikin matata ya tsufa, ta tashi da kumburin ƙafa da ciwon kai. Ta roƙe ni in zauna, na ce in abin ya matsa ta kira ni. Ta kira. Oga ya ɗaga wayar, ya karanto Uwargida yana jan sunan, ya tambaye ni ko a buɗe mini ƙofa in ruga. Ido ya dawo kaina. Wallahi da bakina na ce ya kashe ta, ai mata ba sa rasa ƙorafi. Aka tafa mini. Oga ya ce yau ɗalibinsa ya girma.

Ashe jim kaɗan bayan kiran jijjiga ta kama ta. Mahaifiyata da maƙwabta suka tallabo ta daga lungu zuwa bakin titi, mai adaidaita sahu ya kai su asibiti. Likita ya ce sai tiyata, a kawo amincewar miji. Mahaifiyata mutumiyar da ce, ta ce ita ba za ta ba da izinin yanka matar aure ba alhali mai ita yana raye cikin gari. Aka tsaya jiran namiji, namijin yana can ana tafa masa. Sai bayan an tashi daga taro labari ya same ni. Da na iso na sa hannu, an ceto ta, ba a ceto ɗan ba. A hannuna na ɗauke shi zuwa maƙabartar Ɗan Agundi.

Oga ya zo ta'aziyya. Ya zauna a tabarma ya ja doguwar addu'a, sannan ya dafa kafaɗata ya ce ya lura ban yi kuka ba, haka maza suke. Yana sa takalmi ya tambaya ko za a gan ni Litinin. Har yau ina jin haushin kaina da na raka shi mota.

Na san ajali na Allah ne, ba sai an karanta mini ba. Amma kashe waya nawa ne. Wannan abin da ake kira mazantaka a ofisoshinmu tsoro ne ya sa babbar riga: ƙato da gemu yana tsoron dariyar wasu ƙatti. 'Yan'uwa maza, in wayar gida ta yi ƙara ku ɗauka, a kira ku duk sunan da aka ga dama. Matata ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai tun daga ranar, ko zazzaɓi ta yi, yayanta take kira. Daga bakinsa nake jin labari.