Jarka Uku a Kan Tafki

Ni mace ce ta gida. Duk shekarun da muka yi a unguwar Muraqqabat da ke Dubai, in kin ga na sauka daga benenmu to kasuwar kifi za ni ko asibiti. Maigidana kuwa ƙafarsa ba ta zama. Aikinsa a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali yake, shi ke tsara wa manyan motocin kwantena hanya, ya ce wannan direba mai kaza zai sha kafin ya kai kaya ya dawo. A wannan fanni ba a ja da shi, kuma shi ma ya san haka.

Shekarar da ta gabaci korona, mahaifiyarsa ta zo mana ziyarar wata uku daga Kano. Hajiya tana da ciwon suga, allura take yi wa kanta safe da yamma, kuma maganin ba ya son zafi. Tun a filin jirgi abin da ta fara miƙo mini ke nan, 'yar jaka mai ƙanƙara, ta ce, "'Yar nan, ga raina, ki sa a firiji." Wanda likitanta ya rubuta mata ne, daidai kwanakin da za ta yi.

Wata rana maigida ya dawo da murna, ya ce ya kama mana jirgin ruwa mai ɗakuna a wani tafki can bayan gari, tafiyar awa biyu a mota. Ɗaki biyu, banɗaki, wurin girki, duk a kan ruwa, kwana biyu. Mutum shi ke tuƙa abinsa, shi ke zuwa da mansa, kuma in ka bar bakin ruwa babu gidan mai sai ka dawo. Watan Oktoba ne, zafi ya ɗan sassauta amma rana tana nan da haƙoranta.

Ya zauna a falo da biro da takarda. Tsawon tafki kaza, zuwa da dawowa sau biyu, injin yana shan kaza a kowace kilomita, ya ƙara wani abu saboda tsaro. Ya ja layi biyu a ƙasa ya ce, "Jarka biyu. Khalas, an gama."

Ina yanka albasa na ce, "Yallaɓai, in mun tsaya fa?"

"In mun tsaya ai injin a kashe yake, Uwargida."

"To firijin da iska zai yi aiki?"

Ya ce akwai ɗan janareta a jirgin, sun rubuta ba ya shan komai. Na ci gaba da yanka albasata, saboda Hajiya tana zaune kan darduma tana jan carbi, ba na ja da ɗanta a gabanta. Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ni a aji shida na ajiye boko, ban san lissafin kilomita ba. Sai dai tun ina 'yar shekara goma sha biyu ni ke kula da janaretan mahaifiyata a Kurna, lokacin tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Firiza biyu ke gare ta. In aka ɗauke wuta ni ke ja, ni ke zuba mai, ni ake yi wa faɗa in ya ƙare kafin kaya su daskare. Tun daga nan na san janareta babu ruwansa da nisa, awa yake ci. Maigida kuwa shekara tara a Dubai bai ga an ɗauke wuta ba, har ya manta yadda abin yake kuka.

Da muka isa bakin tafkin muka tarar da mai kula da jiragen, wani dattijo ɗan Indiya mai Larabcin kasuwa irin nawa. Yana nuna wa maigida sitiyari da anga, ƙarfen da ake saki cikin ruwa don tsai da jirgi, ni kuma na zagaya baya inda janaretan yake cikin akwatinsa. Na ce da dattijon ya tayar mini. Ya tayar. Murya lafiya lau, siririya, kamar keken ɗinki. Na ce ya kunna esi, na'urar sanyaya ɗakuna biyun. Yana kunnawa muryar ta faɗi, ta yi kauri, akwatin ya fara rawa a ƙarƙashin tafin hannuna. Na san wannan kukan. Irinsa na mahaifiyata ke yi in aka haɗa masa firiza biyu da dutsen guga.

Na nuna wa dattijon jarkokinmu biyu, na ɗaga masa yatsa biyar. Ya yi dariya ya kaɗa kai irin nasu, ya ce, "Mama, sahih."

Maigida ya ce, "Me kuke ƙullawa ne?"

"Ya ce biyar."

"Ke kika ce biyar, ina kallonki."

Dattijon ya duba rumfarsa, jarka ɗaya tak ta rage masa, sauran masu jirage sun kwashe. Gidan mai kuma sai an koma titi. Maigida ya dubi agogo, ya dubi Hajiya da ke tsaye a rana da lemarta, ya ce, "Uku ma sun yi yawa. Yalla, mu tafi." Muka shiga da uku.

Gaskiya wurin ya yi kyau. Ruwa kore shar, ciyayi dogaye a gefe, babu ƙahon mota, babu maƙwabcin sama mai jan kujera. Hajiya da ta shiga tana salati, ta ƙanƙame ƙofa, ba a yi awa ɗaya ba sai ga ta a gaba tana ba ɗanta umarni. "Kai, kauce wa itacen can. Haka kake tuƙa motocin mutane?" Na dafa shinkafa da wake da mai da yaji, muka ci a waje. Maigida ya yi ta zagaye da mu, esi yana ta aiki a ɗakunan da babu kowa ciki, don ya ce in an kashe sai an daɗe kafin su sake yin sanyi.

Washegari bayan asuba na je na ɗaga jarkokin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko fanko. Ta biyu na girgiza, ta amsa mini daga can ƙasa. Ta uku ce kawai cikakkiya, ga wuni guda da kwana guda a gabanmu, ga hanyar komawa. Na buɗe firiji na dubi 'yar jakar Hajiya, na rufe.

Na same shi yana shan shayi yana duba taswira a waya. Ya yi wa Hajiya alkawarin kai ta ƙarshen tafkin, inda aka ce akwai wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, launinsu ja-ja. Na ce, "Yallaɓai, zo ka ɗaga wani abu."

Ya ɗaga. Ya ajiye. Ya sake ɗagawa, kamar nauyin zai dawo.

"Yoyo suke yi?"

"Ba sa yoyo. Wancan ne ya sha." Na nuna akwatin.

"Amma ko rabin tafiyar da na lissafa ba mu yi ba."

"Shi ai bai san kana tafiya ba."

Ya dubi firiji. Ya ce to mu koma kawai, kada maganin ya lalace. Ashe Hajiya tana bayan labule. Ta fito tana gyara mayafi ta ce, "A koma ina? Ni da na zo ganin tsuntsu? Kai da takardarka kun yi naku. 'Yar nan, ke me kika gani?"

Kunya ta kama ni, amma tunda ita ta tambaya na faɗa. Na ce a kashe esi gaba ɗaya, shi ne ɓarawon. Firiji kaɗai a bari, shi ma ba wuni za a yi ana kunna masa ba. Awa biyu da safe, awa biyu da azahar, awa biyu bayan magariba, kuma kada wanda ya buɗe shi sai da izinina. Robobin ruwan da suka daskare a saman firijin a jera su kewaye da jakar, a naɗe ta da tawul don kada maganin ya taɓa ƙanƙara, shi ma daskarewa ɓata shi take yi.

Hajiya ta ce, "To ka ji. An dawo Kano."

Haka muka wuni. Muka saki anga a inuwar wasu bishiyoyi. Na jiƙa zannuwana biyu na rataya a tagogi, iska tana bi ta ciki tana fitowa da sanyi. Maigida ya cire riga ya zauna da singileti yana fifita da murfin tukunya, yana zufa kamar mai gasa tsire. Sau biyu ya nufi firiji neman ruwan sanyi, sau biyu Hajiya ta ce, "Ka nemi izini?" Ita kuwa ta miƙe ƙafa ta ce tun da ta zo ƙasar nan yau ne gwiwoyinta suka huta, sanyin gidanmu ya hana ta sakat, kawaici kawai take yi. Ta ba ni labarin ƙuruciyarsa, yadda ya taɓa auna ruwan randa da ludayi don ya san kwana nawa zai yi, ya manta akuya ma tana sha. Na yi dariya har da hawaye, shi kuma yana cewa, "Hajiya, don Allah."

Da gari ya sake wayewa na girgiza jarka ta uku, na saurara. Ta fi rabi. Na kai masa na ce, "Na janareta na cire, awa biyu, ga shi a roba. Wannan na injinka ne. Ni ban san nisa ba. Zai kai mu wurin tsuntsayen ya mai da mu bakin ruwa?"

Ya ɗauko biro. Wannan karon ya daɗe, ya soke, ya sake. Ya ce zai kai, in an tafi a hankali kuma ba a yi zagaye ba. Na ce to bismillah.

Tsuntsayen suna nan kuwa, sun fi talatin, kowanne tsaye da ƙafa ɗaya. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah. Duk tsawon nan babu naman kirki."

A hanyar dawowa, muna hango rumfar dattijon, na ji injin ya yi wata 'yar shaƙuwa. Maigida bai ji ba. Na ce ya rage wuta. Bai tambaye ni dalili ba, ya rage. Muka lallaɓa har dattijon ya cafe igiyar da aka jefa masa, ya leƙa jarkokin ya riƙe baki.

Kafin mu sauka Hajiya ta ce a ba ta jakarta. Ta warware tawul ɗin da kanta, ta ciro maganin ta ɗora a kumatunta, ta lumshe ido.

"Sanyi ƙalau," ta ce. "Kai, ɗauki tukwanen nan, ka bar yarinya ta huta."