Jakar da ke Tsakaninsu

Tun hantsi Balki mai fura take kallon wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, a tashar Dungas. Siriri ne, rigarsa ta sha guga, amma tafin hannunsa duk kanta ce irin ta mai riƙon hauya. Yau kasuwa ke ci, abokan sana'arsa sai jigila suke yi, shi kuwa yana tsaye yana ta goge kujerar moto da tsumma.

"Yaro, kai ni garin Dogo-Dogo," in ji wani dattijo.

"Yi haƙuri, Baba, an riga ka."

Balki dai ba ta ga wanda ya riga shi ba.

Can sai ga motar Damagaram. Wata matashiya ta sauko, rungume da jakar littattafai. A hasashen Balki, ɗalibar jami'a ce ta zo hutu, shi kuma mijinta ne, mai haɗa noma da kabu-kabu don karatun ya ɗore. Yana duban takalminta na birni, yana cusa hannuwansa aljihu, kamar mai fargabar kada birni ya dawo masa da wata daban.

"Kun sha hanya. Ya jarrabawa?"

"Mun gode Allah. Ya su Inna? Gero ya tashi?"

Ba ta kama sunansa ba, shi ma bai haɗa ido da ita ba, don tasha cike take da mutane. Ta hau, ta dasa jakar tsakaninsu kamar kowace fasinja.

Balki ta bi su da ido. Suna wuce rumfar ƙarshe, sai ta hango matar ta zare jakar, ta goya ta a baya.