Dabinon Yaya a Cikin Ordinater

Mun tashi da asuba daga Gure a motar wani furoje na raya karkara, muka nufi wajen Bune. Ni aka ɗauka ɗan jagora, don yayana yana da lambun dabino a wani kwari can, kuma na san hanya. Ban da ni akwai shofer da wata madam mai riƙe da ordinater, wato kwamfuta, a cinyarta kamar jariri.

Da muka bar kwalta sai rairayi. Shofer ya rage iskar tayoyi, amma duk da haka sai da muka sauka muka tura. A wani ƙauye muka sha fura, na taya cuku na ji tsada na mayar wa mai shi. A nan madam ta nuna mini aikinsu. Cikin ordinater akwai hoton ƙasarmu da aka ɗauko daga sama, kowane kwari ɗan ɗigo ne. Na'urar ba ta san abin da ke cikin ɗigon ba sai an zuba mata lambobi: zurfin rijiya, yawan dabino, yawan gidaje. Daga nan ita ke jera kwarin da za a fara yi wa shinge don tsayar da tudun rairayi. Na ce to, amma raina bai kwanta ba. Tun ina yaro, duk wanda ya zo ƙirga abin mutane, mai haraji na bayansa.

Da hantsi muka isa. Tudun ya matso ƙwarai, har ya binne tsohuwar rijiyar Yaya. Bayan gaisuwa madam ta tambaye shi yawan dabinonsa.

"Wane dabino, ƴata? Ƴan tsofaffi ne, ba su kai a faɗa ba."

Ban yi mamaki ba. A wajenmu ba a faɗa wa baƙo yawan dabba ko itace, saboda mugun baki da kuma haraji. Ita kuwa ta ɗauki maganarsa, ta buga ƴar ƙaramar lamba. Da yake yanzu ina karatun manya a lakwal, na iya gane sunan kwarinmu, na ga ya gangara can ƙasa. Na tambaye ta dalili.

"Baba, abin da aka ba ta da shi take aiki. In babu dabino, me za a tsare?"

Na ja Yaya gefe na yi masa bayani a hankali. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai tun da ka shiga lakwal ka zama ɗan gwamnati. Ka san wanda zai buɗe akwatin nan gobe?"

Gaskiya ban sani ba, kuma haka na faɗa masa. Na dai nuna masa inda rairayi ya kai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi bakinsa ba zai faɗa ba, zai je ya dafa shayi, in wani ya shiga lambu shi bai gani ba. Sharaɗinsa ɗaya: kada a ambaci lambar da baki.

Haka madam ta bi itace itace tana ƙirgawa a zuci, ni ina biye, Yaya ya ba mu baya yana fifita gawayi. Ta buga lambar shiru. Sunan kwarin ya hau sama.

Mun shigo Gure da magariba, tufafinmu duk rairayi. Abin da na koyo shi ne, a zamanin nan wanda ya ɓoye abinsa na'ura za ta tsallake shi, wanda ya nuna kuma bai san idon da zai gani ba. Har yau shinge bai iso ba. Yaya dai ya aiko mini cewa in masu haraji suka riga masu shinge zuwa, ni zan fito in tarbe su.