Masu Gaishe da Arzika Sun Cinye Kulu

Ina tsakiyar noman hatsi maƙwabcina ya tsaya a kan iyaka ya ce mini in yi haƙuri, an yi rasuwa gidan Arzika. Na ce Allah ya hutar da shi, shekara uku ciwon daji na cin wuyansa. Ya ce, "Ba shi ba ne. Kulu ce." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanwata ke nan, matarsa, wadda ba wanda ya taɓa jin ta ce kanta na ciwo.

Tun da likitan Nasara na Dogon Dutsi ya duba wuyan ya ce a koma da shi gida, ita ce ta ɗauke shi. Ɗansu namiji an tafi da shi aikin tilas na hanya. Ita ke wanke miki, ita ke juya shi, ita ke ɗura mishi kunu da ludayi.

Amma ba jinya kaɗai ta kashe ta ba, kuma sai na faɗi. Mu ne, masu gaisuwa. Kullum zaure cike. Kowa ya ce ya mai jiki, ya nemi tabarma ya miƙe ƙafa, ita kuwa ta nufi turmi ta daka, ta tafi rijiya, ta damo fura. Na taɓa yi mata faɗa, ta ce, "Yaya, mutum ya tako tun daga Lugu, in bar shi ya koma da ƙishi?" In na ce ta zauna ta ci, sai ta ce, "Ci naka, na taɓa a madafa." Ba ta taɓa komai ba. Ni ma da na yi faɗan, na shanye furar.

Yanzu ɗiyarsu Hajo aka miƙa wa ludayin. Jiya wurin zaman makoki na ji wani dattijo na cewa, "Ina yarinyar nan, a kawo ruwa mana." Na ce, "Malam, ga guga can, rijiyar ba ta gusa ba." An ce na yi rashin kunya. To, na yi. Na kai tabarmata bakin zauren, na kuma ce daga yau mai son ganin Arzika ya zo da furarsa.

Allah ya jiƙan Kulu, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da mu, ya yafe mana abin da muka sha. Allah ya sassauta wa Arzika, ya maido ɗansu. Hajo kuwa, ya Allah, ka bar mana ita.