Gidan Katako a Bayan Katangar Titi

Shekara biyu muka yi a wani gidan katako, cikin tsohuwar unguwar Malayu da ke tsakiyar Kuala Lumpur, lokacin da maigidana yake karatun digiri na uku. Ta taga ina hango dogayen benayen gilashi kamar in miƙa hannu in taɓa, amma tsakaninmu da su akwai kogi, da babban titi mai doguwar katangar siminti. Mai son tsallakawa sai dai ya shiga jirgin ƙasa ya sauka a tashar gaba, ko ya yi dogon zagaye da mota.

Matan 'yan uwanmu ɗalibai duk suna can gefen gari, kusa da jami'o'i. Sau ɗaya suka zo yi mini sannu da zuwa, mai tasi ya yi ta yawo da su cikin lunguna, daga ranar zumuncin ya koma waya. Maigidana yakan fita bayan asuba, sai magariba. Kafin hantsi na gama shara da wanki, sai in zauna ina jin gurnanin motoci a bayan katanga, ba mai ce mini ci kanki.

Mai gidan wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu. Tana zaune a gaba, mu muna haya a ɗakuna biyu na baya. Makcik kowa yake ce mata, kamar dai a ce gwaggo. Turancinta kaɗan ne, Malayancina kuwa bai wuce na cefane ba. Kullum da safe takan leƙo ta ce, "Makan?" wato ko na ci abinci. In ce na ci, ta gyaɗa kai. Sau da yawa iyakar hirar da nake yi ke nan a wuni.

'Ya'yanta maza biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Babban cikinsu ma'aikacin gwamnati ne, yana tare da masu mulki, yana son a sayar da filin gidan ga masu gina benaye. Ƙaramin bakanike ne, ɗan adawa, ya rantse ba za a taɓa gidan ubansu ba. Haka lungun namu ma yake. Da zaɓe ya matso, tutoci shuɗaye suka cika wannan gefe, koraye suka cika wancan. Kantuna biyu ne a bakin lungu, kedai suke ce musu, kowanne da mutanensa. Ni nakan sayi burodi a wannan, ƙwai a wancan, ba wanda ya damu tunda ba ni da ƙuri'a. Sai dai da na shiga ake yin shiru, a ba ni kayana da murmushi, a jira in fita.

Idan ɗayansu ya zo ya tarar da babur ɗin ɗan'uwansa a ƙofar gida, sai ya zagayo ta baya ya ƙwanƙwasa mini. Babban ya fi yin haka. Zai miƙo ledar abinci ko magani ya ce, "Kak, taimaka ki ba Mak in ya tafi." Mak babarsu ke nan. Ya girme ni da fiye da shekara goma, amma Kak, wato yaya, yake kirana. Ina jin kunyar faɗa, amma nakan ji daɗin wannan aiken, ko ba komai wani ya buga ƙofata.

Wata Asabar aka yi babbar zanga-zanga a tsakiyar gari. Maigidana ya fita da sassafe zuwa kasuwar Masjid India sayen yadin da za mu aika gida. Kafin azahar ya kira ya ce an rufe tituna da tashoshin jirgi, ya fake a masallaci, kada in jira shi. Titin bayan katanga ya yi tsit a karon farko tun zuwana, sai ƙarar jirgi mai saukar ungulu.

Makcik ta kira ni da hannu. Ranar na fara shiga ɗakinta. Ta dafa shinkafa da madarar kwakwa, ta soya kifi da yaji, ta jera faranti a tabarma har da na 'ya'yanta. Da nuni da 'yan kalmomi ta fahimtar da ni cewa ƙaramin yana can cikin taron. Muka ci, ita tana tsakura kawai, kunnenta a ƙofa.

Can ta ce, "A ƙasarku ma haka ake yi?"

Na ce mata ana yi. Na ba ta labarin babana da ƙanensa, da suka shekara ba sa gaisawa saboda jam'iyya, sai a jana'izar kakarmu suka tsaya sahu ɗaya. Na daɗe ina haɗa maganar kafin ta gane. Da ta gane, sai ta rufe farantan da murfi ta ce, "Sai na mutu ke nan." Na yi da-na-sanin buɗe bakina.

Bayan la'asar ƙaramin ya shigo a ƙasa, riga jiƙe, idanu jawur saboda barkonon tsohuwa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta zaunar da shi a matakala ta wanke masa fuska kamar jariri. Na koma ɗakina don in ba su wuri. Ba a jima ba na ji ƙwanƙwasa. Babban ne, ba leda a hannunsa, gumi yana zuba.

"Ya dawo?"

"Ya dawo, lafiyarsa ƙalau. Ka shiga mana, akwai abincinka."

Ya tsaya yana kallon bangon katakon, muna jin muryar ƙanensa a ciki. Na zaci zai shiga. Sai ya ce, "Alhamdulillah. Kada ki ce na zo." Ya tura babur ɗinsa har bakin lungu kafin ya tayar. Ban faɗa mata ba, kuma har yau ban san ko na kyauta ba.

Bayan zaɓe ƙafafunta suka gaza, wata 'yarta da ke aure a arewacin ƙasar ta zo ta tafi da ita. Aka kulle gaban gidan, 'ya'yan suka daina zuwa. Na ƙara wata bakwai a wurin, ina ba shukokinta ruwa safe da yamma, har maigidana ya kammala.

Ranar da za mu taso, maigidana ya kira babban don ya karɓi makulli, ya ce a ba ƙanensa. Ya kira ƙaramin, ya ce ba ruwansa da abin da yayansa ya ƙi. Limamin unguwa muka damƙa wa, muka ja akwatunanmu zuwa tasha.