Injin da Ba Ya Zubar da Zafi

Shagona na ɗinki bango ɗaya ne da na mai waldar da unguwa ke kira Saura Ƙiris. Shi ya jawo wa kansa sunan, don ko gaishe shi ka yi, amsar da za ka samu ke nan.

Tun yana saurayi abu ɗaya ke cin ransa: zafin da inji ke fitarwa ta salansa. Wai asara ce. Ya rantse sai ya ƙera injin da ba ya zubar da zafi ko kaɗan. Ya haɗa tukunyar tururi da fistin, wato sandar da tururin ke turawa, da wata ƙatuwar taya ta ƙarfe, ya lanƙwasa bututun fita ya mayar da shi cikin tukunyar, ya naɗe komai da tsummokaran da yake kwasa a wurina. Injin kan tashi ya ɗan juya, da ko'ina ya ɗauki zafi sai ya tsaya cak. Ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ƙofofin mutane suka yi ta tsatsa a shagon har masu kawo aiki suka gudu. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji ta koma kallo.

Autarsa ya tura karatun injiniya, ba don komai ba sai don ta dawo ta gano masa ta inda zafin ke sulalewa. Kafin ta gama, hasken walda ya cinye masa ido, sai inuwa yake gani. Abin ya fara ba ni tsoro. Ya rage cin abinci, yana lalubar ƙarfe mai zafi da hannu, duk yatsunsa ƙuna, burinsa kawai injin ya tashi kafin ganin ya ɗauke gaba ɗaya.

Ran da autar ta gama karatu ta zo shagon, na ajiye almakashi na leƙo. Ta daɗe tana duba injin.

"Baba, ba inda yake yoyo," in ji ta. "Inji na aiki ne in zafi ya samu wuri mai sanyi da zai gangara. Kai kuma ka toshe masa hanya."

"Ina ce ke ma za ki ce na haukace?"

"A'a, Baba. Ko injin da ba shi da aibi ko ɗaya sai ya zubar. Akwai ma'aunin Kelbin, yana fara ƙirga daga sanyin da babu wanda ya fi shi. In zafin tukunya ya ninka na waje a ma'aunin nan, rabi kawai zai zama aiki. Kafin a samu duka, sai waje ya kai wancan sanyin."

"To a ina ake samun sa? In je."

"Ba a kai masa, Baba."

Ya lalubi injin ya shafa. Can ya ce, "Kwance tsummokaran. Buɗe bututun."

Ta kwance, ta hura wuta. Tururi ya feso ya cika shagon, taya ta ɗauka. Muka tsaya jiran ta tsaya kamar kullum, amma ta ƙi. Ta yi ta juyawa har bangona na girgiza.

Ya miƙa hannu yana jin iskarta a tafinsa, hawaye na bin gemunsa.

"Auta," ya ce, "ashe tun ina da ido yake iya tafiya."