Gonar da Tsintsiya ba ta Shiga

Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, da gemuna, furfura ma ta fara leƙowa, amma ina tara 'yan mutanen roba, kuma ko a gaban wa zan faɗa. Ba su fi babban yatsa ba. Cikin dilar gwanjo suke zuwa, a ƙarƙashin tulin takalma da jakunkuna. Masu sayarwa sun san ni, da sun hango ni ranar kasuwa sai su fara dariya suna zazzage buhu. Ina da soja, da mai kashe gobara, da wata mai farar riga irin ta likita, da saniya mai ƙafa uku. Waɗanda na fi so su ne masu hannu kamar ƙugiya, don duk abin da ka saƙala musu riƙewa suke yi, ba gardama.

Da farko tarawa kawai nake yi, daga baya na koyi sa su tafiya. Aikin ba shi da wani asiri sai haƙuri. Ka tsayar da mutum, ka ɗauki hotonsa da salula, ka matsar da ƙafarsa kamar faɗin ƙwayar hatsi, ka sake ɗauka, haka haka har bayanka ya ƙage. In hotunan suka bi juna da sauri, sai ga shi yana takawa. Sannan in zauna gaban kwamfuta in goge ɗan ƙarfen da na tokare shi da shi, in zana hadari a sama, in sa kukan kurciya. Ranar da sojana ya fara ɗaga hannu shi kaɗai, na yi ta kallo har tuwona ya huce.

Wata bazara na ƙudura zan yi shuka, irin wadda na tashi ina gani a gonarmu ta hanyar Ɗan Kassari: namiji a gaba yana sara da sungumi, mace a baya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Na shafa wa mai kashe gobara farin gemu, na ɗinka masa 'yar hula, na haɗa masa sungumi da tsinke da guntun gwangwani. Likitar kuma na ɗaura mata ƙyallen wani tsohon zanen Inna, mahaifiyata, na manna mata ɓawon gyaɗa a matsayin ƙwaryar iri. Ban gaya wa kowa ba, amma Baba da Inna nake yi. Baba ya rasu shekarun baya cikin damina. Ya shuka gonar nan da hannunsa, ciwo ya kwantar da shi hatsi bai ko fitar da kai ba.

Ɗakina ba haske, don haka na zaɓi wani lungu na tsakar gida a bayan rumbu, inda inuwar katanga take kwanciya lumui bayan la'asar, yashin wurin kuma ja ne kamar na gona. Na ɗaure salula a jikin turmi, na yi aikin yini guda mai kyau. Washegari na dawo daga lakkwal na tarar da gonata fes, sai sawun tsintsiya. Manomana kuwa suna cikin kwano a bakin ƙofata, an kwashe su kamar tsakuwa.

Laifina ne da na manta wace ce Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin rana ta fito ta iske tsakar gidanmu ba shara ba. Sharar ma ba irin ta kowa ba ce, sawun tsintsiyarta jere yake kamar kitso, kana jin nauyin takawa. Na zaunar da ita na yi mata bayani cewa kowane rami da kowane sawu dole ya kwana inda yake, in ya gusa mutumin zai yi tsalle cikin hoto. Ta saurare ni tsaf, ta tuna mini cewa tsarana 'ya'yansu sun shiga kwaleji, ni kuma ina roƙon a bar mini datti in yi wasa. Na yi ta magiya har ta gaji, ta ba ni wuri daidai faɗin tabarma, ta ce ta bari.

Kaji ba su yi wannan alkawari da ni ba, sai na kewaye wurin da kara. In zan tafi aiki in kife masaki a kan manoman. Kowace la'asar kuma in yayyafa ruwa don yashin ya yi kamar an yi ruwan shuka, in durƙusa, in yi ta lallaɓa su. Ina da halin yin magana da su, musamman tsohon, wanda sungumi yake rinjaya ya faɗi ta fuska.

To, ku haɗa abin da kanku. Lungu a bayan rumbu da ba a sharewa, an kewaye shi da kara, an kife ƙwarya a tsakiya, ana zuba masa ruwa kullum lokaci ɗaya, ƙato yana durƙuso yana raɗa. Ni da nake ɗan Arewa, ƙasar da ta san bori, ya kamata in gane kamar me wannan yake, amma idona yana kan ƙafar roba. Maƙwabciyarmu, ƙawar Inna tun suna amare, ta shigo aron rariya ta same ni guiwa biyu ina cewa, "Don Allah tsoho, ka tsaya mini yau kaɗai." Ta fita ba ta ɗauki rariyar ba.

Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka cewa gidanmu an ware wa aljana doguwa wuri. A wani gida da abin dariya ne. Amma kakata ta wajen uwa 'yar bori ce sananniya, Inna kuma tun tana yarinya ta raba hanya da wannan, ta yi rayuwarta da carbi a hannu don kada a jingina ta da shi. Yanzu ga mutane suna cewa abin gado ne ya dawo. Ƙawar tata ta daina shigowa, sai dai ta yi gaisuwa daga zaure. Ranar da Inna ta aika mata da dambu aka dawo da kwanon a rufe, ba a taɓa ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauki hula zan je in faɗa mata magana, Inna ta tare ƙofa. Na ce to ta share wurin, fim ɗin banza bai kai sunanta ba.

"Na riga na hwaɗi na bari," in ji ta. "Ƙare abinka, in ga abin da anka ɓata mini suna a kai."

Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin na kwanakin nan ba. Na gama daidai lokacin da hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas. Fim ɗin bai kai a sha ƙwaryar fura ba, amma ina alfahari da shi har gobe. Na kunna mata a inuwar rumbu. Ga tsoho yana sara yana gaba, ga mace tana binsa, diddigenta yana rufe rami. A ƙarshen layi ya tsaya, ya tura hularsa baya, ya dubi sama, kamar yadda Baba yake yi. Inna ta yi mini alama in maimaita, na maimaita. Sai ta ɗauki mayafi, ta karɓi salulata, ta sa na nuna mata inda ake dannawa, ta nufi maƙwabta.

Na laɓe jikin katanga, ba zan ɓoye muku ba. Na ji salati, na ji dariya, sai kuma shiru, don ƙawar tata ta gane hular da zanen. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma taɓa yabona a gaban mutane ba. Amma ran nan na ji muryarta sarai tana cewa, "Wancan na gidanmu ya yi shi, da hannunai." Na ji daɗi har ƙwalla ta zo mini.

Da safe na je zan tuge karan, sai ga ta da tsintsiya a hannu.

"Mi za ka yi?"

"Aiki ya ƙare, Inna. Ki share abinki."

"Bai ƙare ba. Mutumin ga ya shuka. Wancan karo bai ga girbi ba. Bar shi ya girbe."

Na bar karan. Ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro a lungun, kyasuwa ta fitar da 'yan kawuna kamar zangarniya. Duk daminar nan tsintsiyar Inna tana zuwa bakin kara ta juya, ƙawarta kuma takan leƙo ta tambayi yadda gona take. Da kaka ta yi na sa tsoho ya yanka, ya ɗaure, ya yi ta jidar dami zuwa wani ɗan rumbu da na gina masa da laka.

Inna ta kalli wannan sau ɗaya tak. Da ya ajiye damin ƙarshe ya tura hularsa baya, ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta tashi ta ɗauko tsintsiya ta share wurin.